Kore Uku, Rawaya Ɗaya

Duk danginmu babu wanda na tsokana kamar Shaho, babu kuma wanda na cuta kamarsa. Ɗan kawuna ne, ni ɗan goggonsa. Ya girme ni da shekara huɗu, amma tun muna yara ban taɓa ba shi girman wata huɗu ba. Ni tela ne, karatuna a aji biyu na sakandare ya tsaya, saboda haka wanda ya ga rubutun nan ya karkace ya yi haƙuri, almakashi na saba riƙewa.

Ido ne ya jawo masa sunan. Innata takan ce ranar da aka haife shi bai yi kuka ba sai da ya ƙare wa rufin ɗakin kallo ya gano inda yake yoyo. To, wannan ni na ƙara mata. Amma sauran gaskiya ne. Allura ta faɗi cikin yashi, shi ake kira. Tun yana ɗan shekara bakwai matan layinmu ke aiko masa da shinkafa a tire ya tsince musu tsakuwa, har haƙoran unguwa suka samu hutu na shekaru. Mu muna ƙwallo, shi yana gindin bango da tire a cinya, fuska a ɗaure kamar alƙali. In zan wuce sai in jefa masa tsakuwa ɗaya a tiren. Ba ya ko ɗago kai. Zai tsince ta ya ajiye gefe guda ya ce, "Ga taka nan, Ɗan Goggo."

Shi ma bai yi nisa a boko ba. Kawu ya rasu yana aji uku, ya ajiye jaka ya shiga leburanci a tashar binciken shinkafa da ke bayan gari, can inda kwalta ta ƙare. Korar tsuntsaye aka fara ba shi, da igiya da gwangwanaye. Bai yi wata biyu ba ya tare wani babban ma'aikaci ya ce masa a fili na goma sha ɗaya akwai tushe bakwai da ba 'yan gidan ba ne. Mutumin ya yi dariya, amma ya sa takalmin ruwa ya shiga. Bakwai ya fito da su, ba shida ba, ba takwas ba. Daga ranar aka raba shi da gwangwani aka sa shi cire bare, wato bin filin iri layi-layi ana tumɓuke duk tushen da ya saɓa wa 'yan'uwansa a tsayi, ko launi, ko lokacin fitar da kai.

Bayan shekaru aka ba shi littafi. A tashar nan littafi shi ne komai. Kowane tushe da lambarsa, mai littafi ya tsaya a kansa ya duba ya rubuta abin da ya gani, abin da ya rubuta kuma shi manya za su ɗora aikinsu a kai. Masu digiri sun zo sun tafi, wasu da digirin da ya fi su nauyi, Shaho yana nan da littafinsa a hammata. Shekara ashirin da shida ba a taɓa tura wani ya bi bayansa ya duba ba. Ba ya yawan faɗar wannan maganar, don shi ba mai surutu ba ne, amma in ya faɗe ta har kafaɗarsa takan ɗaga.

A gida kuwa mutum ne mai wuyar sha'ani. Matarsa, wadda nake kira Amarya ko da yake ta aurar da 'ya'ya biyu, ta ce ya taɓa mayar mata da kwanon abinci wai an haɗa masa iri biyu a tukunya ɗaya, doguwa da gajera. "Ni miji na aura ko rariya?" in ji ta. Ni kuwa duk taron dangi sai na ba da labarin, kowace shekara ina ƙara iri ɗaya, har na kai shi tara.

Wata damina yana cire bare a wani fili mai tushe ya fi dubu talatin, sai ya ga ɗaya da ganyensa ya ɗashe. Ba ciwo ba ne, ba yunwar taki ba ce, na kusa da shi duk lafiya lau. Kore ne, amma irin na rigar da ta sha wanki, ya ɗan ja zuwa rawaya. Har ya kai hannu zai tumɓuke sai ya fasa, ya kafa masa tsinke ya je ya kira Dakta. Dakta mace ce 'yar gajeruwa mai tabarau, ba ta magana sai da dalili, ita ke binciken yadda shinkafa ke gadon halayenta. Ta tsuguna cikin taɓo ta daɗe tana kallon tushen, sannan ta ce, "Baba Shaho, ka samo mana aikin shekara biyar."

A shagona ya yi mini bayanin aikin, wata rana da ya kawo wando a rage masa ƙafa.

"Ka ɗauka shinkafa gari ce mai layi goma sha biyu," in ji shi. "Kowane hali nata, tsayi ne, ƙamshi ne, launi ne, yana da gidansa a ɗaya daga layukan nan. Dakta gidan rawayar nan take nema."

"To ta tambayi mai unguwa mana."

"Kai dai ba ka da hankali. Shaidu take tarawa."

Wai an haɗa mai rawayar aure da wata shinkafa koriya shar, 'ya'yan suka fito duk kore, kamar an manta da ita. Sai a jikoki take dawowa, kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Kore uku, rawaya ɗaya, haka ya ce, kuma wannan kaɗai kaina ya riƙe da kyau. Jikokin nan su ne shaidun. Kowane za a yanki ganyensa a kai ɗakin gwaji, inji ya karanta wane yanki na wane layi ya gado daga wace kaka. Sai a ajiye abin da inji ya ce kusa da littafi. Yankin da duk masu rawaya suka yi tarayya a kansa, to nan gidan yake.

"Injin ba ya ganin launi," ya ce yana gwada wandon. "Ni ne idonsa."

Shekarar da aka shuka jikokin, su ɗari takwas, ya kawo mini yadi ya ce in ɗinka masa riga fara da za ta shiga da farin wandonsa. Na buɗe leda na ga yadi ruwan ƙwai. Na ɗaga shi sama na kira maƙwabcina mai gyaran waya da duk wanda ke wucewa.

"Jama'a, ku zo ku ga fari! Shaho ya sayo fari! Wallahi in wannan fari ne, to ni ma fari ne tas."

Aka yi dariya. Shi bai yi ba, amma dama shi ba ya yi, don haka ban lura da komai ba. Sati guda ina yawo da labarin gida-gida. Har Amarya na kira a waya na ce ta riƙa duba abin da yake sawa kafin ya fita ya ba mu kunya.

Ranar Alhamis da la'asar ya dawo. Ya jira shagon ya zama ba kowa, ya zauna a bencin kwastomomi, ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Ban taɓa ganin kansa ba hula a waje ba.

"Ɗan Goggo, yanar ido ce ta fito mini. Duka biyun."

Na tsayar da keke. Ya ce shekara biyu kenan yana ganin duniya kamar ta cikin ruwan shayi. Tsayi yana gani, siffa yana gani, amma kore mai haske da kore mai duhu sun zame masa abu ɗaya. Jikokin nan sati uku kenan da dasa su, rawayar kuma ba ta zama: daga sati na biyar ganyen yake rufewa ya koma kore kamar na kowa. Dakta ta yi tafiya wani taro. Litinin take son ganin littafin a kan teburinta.

"Ka faɗa mata mana."

"In faɗa mata me? Ni ba ni da takarda ko ɗaya a gidan nan. Ido ne takardata. Ranar da aka ji, ranar za a karɓi littafin a ba wanda na koya wa sa takalmin ruwa." Ya juya hular. "Kai ka san launi. Zare arba'in kake bambancewa. Ka ara mini idonka ranar Asabar, yini ɗaya."

Mutumin kirki tausayi zai ji. Ni daɗi na ji. Shekara arba'in ina jiran ranar da Shaho zai nemi ido a wurina.

Ranar Asabar babu kowa a tashar sai maigadi, shi kuma ya san ni. Shukar tana cikin gidan raga, wani dogon ɗaki da aka kewaye da waya mai ƙananan ido saboda tsuntsu da ƙwari, rufinsa na roba mai haske. Zafin ciki kuwa, in ka shiga da ɗanyen ƙwai a aljihu ka fito da dafaffe. Kwamaye ne na siminti cike da taɓo da ruwa, layi arba'in, kowane layi tushe ashirin, kowane tushe da 'yar roba mai lamba a gindinsa. Shi yana gaba, ya kama ganye ya shimfiɗa mini a tafin hannunsa ya faɗi lamba, ni in duba in rubuta K in kore ne, R in rawaya ce.

Da farko na yi aiki tsakani da Allah. Bambancin ba wuya ga mai lafiyayyen ido, amma sai ka sunkuya, wani ma sai ka kare shi daga rana da inuwar jikinka kafin ka tabbatar. Bakina dai bai huta ba.

"Malam makaho, a hankali, ga rami nan. Ko in yanko maka sanda?"

"Rubuta dai. Ɗari da sha huɗu."

"Kore. Kai, wannan ai ko kai ka gani. Au, na manta."

Ya kama ganye na gaba. Yanzu in na tuna sai in ji kamar in cusa kaina cikin buhun ƙyallaye.

Mun kai ɗari biyu da arba'in, rana ta take tsaka, sai ga maigadi da gudu: injin ban ruwa na filin ƙasa ya tsaya, wata shukar gwaji tana neman bushewa. Shaho ya tsaya yana duban ƙofa yana duban littafi. Sannan ya bar ni da shi ni kaɗai, littafin da ko matarsa ba ta taɓawa.

"Bi su ɗaya-ɗaya. Kada ka yi sauri. Wanda ka yi shakka ka sa masa ɗigo, in na dawo mu koma kansa."

Yana fita na miƙe, bayana ya yi ƙara kamar an karya kara. Gumi har cikin kunne. Ga kayan wata amarya ta gaske suna jirana a shago, uwarta ta riga ta zo sau biyu. Na duba gabana, saura tushe ɗari biyar da sittin. Na kifa bokiti a bakin ƙofa inda iska ke shigowa na zauna, wai in huta minti biyar. Na ƙirga abin da muka yi: rawaya hamsin da takwas cikin ɗari biyu da arba'in. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu, yadda ya faɗa. Na ce a raina, to tunda an riga an san amsar, wahalar ta mece ce?

Akwai kuma abin da ya dame ni a shafukan, kuma nan ne ban san yadda zan kare kaina ba. Babu tsari. Kore tara a jere, sai rawaya biyu, sai kore ɗaya, sai rawaya, sai kore shida. Ni a sana'ata in aka ce uku da ɗaya, to uku da ɗaya ne tun daga wuya har gindin riga, ɗinkin da ya yi tsalle warware shi ake yi. Na ga kamar shinkafar ce ba ta iya aikinta ba. Na gyara zama na fara: K, K, K, R. K, K, K, R. Kafin mutum ya shanye kofin shayi biyu na kai ɗari takwas. Wallahi har daɗin kallo shafukan suka yi. Na koma na ɗiga ɗigo a wuri uku, don kada a ce ban yi shakkar komai ba.

Da ya dawo, hannu duk baƙin mai, muka je kan ukun nan. Ya shimfiɗa mini ganyen a tafinsa, na sunkuya ina ƙanƙance ido kamar likita. Ɗaya ma abin da na rubuta ba shi ne a ƙasa ba, na gyara ina cewa, "Ka ga amfanin natsuwa." Ya rufe littafin ya shafa bangonsa.

"Allah ya saka da alheri, Ɗan Goggo. Ka rufa mini asiri."

A hanya ya saya mini lemo mai sanyi. Na sha.

Litinin littafi ya hau tebur. Dakta ta miƙa wa ɗalibinta mai neman digiri na uku, wani magidanci mai 'ya'ya biyu, ya shigar a kwamfuta. Harafi biyu ne, babu mai tsayawa duba hannun wa ya rubuta. Jimla ta fito rawaya ɗari biyu saura kaɗan, Dakta ta ce madalla. Ganye ya rufe ya koma kore, shuka ta yi kai, ta nuna, aka girbe.

Watannin nan Shaho ya ɗauke ni mutum. In na tsokane shi a gaban dangi sai ya ce, "Ku ƙyale shi, bakinsa ne kawai, amma in ana neman na tsayawa shi ne." Innata har ta tambaye ni ko asiri na yi masa. Ya riƙa turo mini abokan aikinsa ɗinki, yana ce musu ga telan da ba ya ha'inci. Ni kuma ina karɓar yabon hannu bibbiyu, don a gaskiya na ma manta da maganar bokiti.

Wata huɗu ana aikin ɗakin gwaji. Da aka haɗa abin da inji ya karanta da littafi, sai rawayar ta rasa gida. Layi goma sha biyu, babu inda bakin shaidu ya zo ɗaya. Dakta ta zargi sinadarai, aka kawo sababbi. Ta zargi inji, aka kira mai gyara. Daga nan ta koma kan ɗalibin, ta ce shi ya cakuɗa kwalaben ganye, ta sa ya sake ɗari biyu daga farko. Bawan Allah ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Littafi kaɗai ba ta zarga ba, don na Shaho ne. Sai da komai ya ƙare mata ta ɗauko shi ta buɗe da hannunta.

Ranar Laraba da hantsi ya shigo shagona da takarda ɗaya a hannu, hoton wani shafi na littafin. Akwai mata biyu suna jiran awo. Bai gaishe su ba, abin da bai taɓa yi ba.

"Dakta ta ce in je in duba wannan, gobe in gaya mata abin da na gani. Ni ba na ganin ƙananan rubutu. Karanta mini."

Na karɓa. An bi kowane na huɗu an zagaye da jan biro, jajayen sun sauko a jere kamar maɓallan riga.

"Ai lambobi ne kawai, Ɗan Kawu."

"Karanta."

"Ɗari uku da ɗaya, kore. Da biyu, kore. Da uku, kore. Da huɗu, rawaya."

"Ci gaba."

"Kore. Kore. Kore. Rawaya."

"Ci gaba."

Na ci gaba. Muryata tana ƙanƙancewa har ta koma ta sauro. Matan nan suka tattara yadinsu suka fice ba sallama. Ban kai ƙarshen shafin ba ya ɗaga hannu. Na jira zagi. Na jira mari, da ya kawo shi kuwa da na gode masa. Ya zauna a bencin.

"Mutumin nan wata biyu ba shi da sukuni," ya ce. Ɗalibin yake nufi. "Jiya na same shi bayan ɗakin gwaji ya haɗa kai da gwiwa. Na ce masa ya yi haƙuri, amma ya riƙa natsuwa a aiki." Ya shafa fuska. "Ni na ce masa haka."

"Ni zan je. Ni na yi, ni zan faɗa."

"Ka je ka ce me? Wa ya kai ka wurin?"

Washegari duk da haka na bi shi. Ya ce in sauka daga babur, na ƙi, muka tafi tare. Ofishin Dakta ɗan ƙarami ne, fanka ɗaya, takardu har kan kujeru, zangarniyar shinkafa a rataye jikin bango cikin leda. Littafin yana buɗe a gabanta. Ta dube ni ta saman tabarau.

"Wannan fa?"

"Ɗan goggona ne, ranki ya daɗe. Tela ne," in ji Shaho.

Ya ƙi zama. A tsaye ya faɗa mata komai a jere, yadda yake karanto lamba: yanar idon, shekara biyun, Asabar ɗin, injin ban ruwa. Bai ƙara ba, bai rage ba, sai wuri ɗaya. Ya ce shi ya tafi ya bar ni bai yi mini bayani sosai ba. Nan na tsoma baki na ce ba haka ba ne, ya yi mini bayani har ya yi yawa, ni ne na kifa bokiti na zauna. Karo na farko kenan a rayuwata da na ba da labari ban sa masa gishiri ba.

Ta juyo gare ni. "Malam tela, abu ɗaya nake so in sani. Me ya sa kowane na huɗu?"

"Na ga ya fi tsari, ranki ya daɗe."

Ta cire tabarau ta ajiye. Na kasa gane ko dariya za ta yi ko kuka.

"Ka gode wa Allah da ka iya tsari," ta ce. "Da a hargitse ka yi ƙaryar, da har yau ina kan bawan Allah nan."

Daga nan ba ta sake duban inda nake ba, wannan kuma ya fi mini zagi ciwo. Ta juya ga Shaho, muryarta ta sauka.

"Baba, aikin rabin awa ne fa a asibiti."

"Na sani. Amma sai an rubuta takarda, takardar kuma ta ofis za ta bi."

"Shekara biyu ka ce." Ta ɗora hannu a kan wasu littattafai da ke gefenta. "To na bara fa? Da na bara waccan? Na tsayi da na fitar kai ban damu ba. Na launi nake tambaya. In tsaya a kansu ko kada in tsaya?"

Wannan tambayar ce ta karya shi, mutumin da bai taɓa cewa wataƙila a kan shinkafa ba.

"Kada ki tsaya," ya ce. "A sake dubawa."

Ba ta kai shi gaba ba, ba a kore shi ba. Ta ce ya je ya ba ɗalibin haƙuri da bakinsa, ya ce dama can zai nufa daga nan. Ta rufe littafin ta sa a durowa. Aka mayar da shi ɗakin ajiyar iri, inda aiki sussuka ne da awo da ɗaure baki, abin da hannu ke yi. Aka kuma kafa doka a tashar: kowane littafi mutum biyu, ɗaya ya rubuta, ɗaya ya bi baya. Ma'aikata ba su wahalar da kansu neman suna ba, dokar Shaho suke ce mata, har sababbin da ba su san dalili ba.

Aikin bai mutu ba, shekara ɗaya ya yi asara. Abin da ya cece shi, Shaho ya girbe kowane tushe daban ya ɗaure da lambarsa, yadda ya saba ko ba a ce ba. Dakta ta ce za a shuka 'ya'yan kowane tushe a ɗan layinsu, launin 'ya'yan zai faɗi na uwar. Haka aka yi, aka gano gidan, ɗalibin ya gama karatunsa a makare. An yi wa Shaho aikin idon ɗaya bayan ɗaya, yanzu yana hango ƙuda a kan eriya. Ba a mayar masa da littafi ba, shi ma bai tambaya ba. In zai je ɗakin iri ta bayan gareji yake zagayawa, don kada ya bi ta gaban gidan raga. 'Ya'yansa sun ɗauka ƙarin girma aka yi masa, don ni na gaya musu haka, da hujjoji. Matarsa kuwa ta sani. Ranar da na fara komawa gidan na yi sallama na ce, "Amarya, ina wuni?" Ta kawo mini ruwa ta ajiye ta ce, "Ka daina kirana haka, mun girma." Na daina.

Amma ranar da ta fi tsaya mini a wuya ita ce ta jakunkuna. Iri ɗari takwas yana bukatar 'yan jakunkunan yadi ɗari takwas, kowace da lambarta da igiyar zuge baki. Tun a ofishin na ce ni zan ɗinka. Dakta ba ta ce i ba, ba ta ce a'a ba, Shaho ne ya aiko mini da awo. Na ture kayan mutane gefe, na yi kwana tara a kan keke. Na rubuta lambobin da tawadar da ba ta fita, kowace sai na faɗe ta da ƙarfi kafin in rubuta. Ban taɓa yin aiki mai tsabta irin wannan ba, ko kayan aurena.

Ya zo ɗauka da rana tsaka, lokacin ba a yi masa aikin idon ba tukuna. Na jera masa su ɗauri-ɗauri, hamsin-hamsin, na ce, "Ga su nan cif, Ɗan Kawu, ɗari takwas. Ɗauka kawai."

Bai ɗauka ba. Ya ja benci ya zauna, ya kwance ɗaurin farko. Ya ɗaga jaka ɗaya ya kai ta dab da hancinsa har ya ga lambar, ya sa yatsa ciki ya bi ɗinkin gindin, ya ja igiyar, ya ajiye gefe. Ya ɗauki ta biyu. Kwastomomi suna shigowa suna fita. Maƙwabcina mai waya ya leƙo ya ce lafiya dai, na ce lafiya lau. Awa huɗu na yi a tsaye, tef a wuya, ina miƙa masa ɗauri in ya gama ɗauri, ko wasa ɗaya bai zo mini baki ba.

La'asar sakaliya ya ajiye ta ƙarshe. Ya zuba su a buhu ya ɗaure a bayan babur.

"Sun cika?" na ce.

"Sun cika." Ya taka babur ɗin ya tashi. "A can ma wani zai sake bin bayana."